Abin da muka tattara a fada kan malamin kirki

Daren 5 ga Oktoba, ranar malamai ta duniya, hirarmu ta fada, wato majalisarmu ta shan shayi, a unguwar Birni ta koma kan malaman da suka rene mu. Har shayi na uku ya huce ba mu gama ba.

Haƙuri aka fi ambata. Yaro ya shigo lakwal da Hausa kaɗai a bakinsa, ga karatu da Faransanci. Mushen kirki, wato malamin lakwal, shi ne mai sake bayani sau uku ba tsawa. Babban yayanmu ya tuna wanda ya koya masa a ajin rumfar zana, lokacin hunturu, yana kama masa hannu da alli har harafi ya miƙe. Yau shi yayan namu yake koya wa nasa jikokin haka. Ni wannan ya fi taɓa mini zuciya.

An yi gardama kan bulala. Yawancinmu mun ce tana sa tsoro ne, ba ta sa fahimta.

Sai adalci: kada ɗan mai kuɗi ya fi ɗan talaka a idon malam.

Wani dattijo ya ƙara da cewa, “Ƴaƴana, wanda malaminsa na allo ke raye a Damagaram, ya je ya gaishe shi ranar Juma'a.”