Me ya sa ciwon Baba ya ƙi rufewa?

Autar Gida: Salamu alaikum. Lauje ya yanki Baba a ƙauri, shekarunsa 74, sati uku ke nan ciwon bai kame ba. Ɗana kuwa ya ƙuje gwiwa, kwana shida har ɓawon ya faɗi. Ba jini ɗaya ba ne?

Malamin Bayoloji: Wa alaikis salam, ƙanwata. A fata, hanji da ɓargo akwai ƙwayoyin asali masu haifar da sababbi. Rufin cikin hanji ma duk bayan 'yan kwanaki ake sake shi. DNA ɗinsu, wato kundin umarnin da ke cikin kowace ƙwaya, bai cika canzawa ba, amma akwai alamomin sinadari, irin su methyl, da ke manne masa suna nuna sashen da za a karanta da wanda za a rufe. Da tsufa alamomin kan hargitse, gyara ya yi nawa. Shan taba ma yana taɓa su.

Ɗan Tsakiya: To Malam, ba a gogewa?

Malamin Bayoloji: A ɗakin gwaji, eh. Wani masanin kimiyya, Yamanaka na Japan, ya mayar da ƙwayar fatar ɓera tamkar ta ɗan tayi a 2006. A jikin mutum kuwa da sauran aiki, don ana tsoron ya jawo ciwon daji.

Maman Biyu: Auta, ni ma'aikaciyar jinya ce. Sati uku ya yi yawa, a auna masa suga gobe-goben nan.