Ciwon Zangarniyar Alkama: Abin da Manoma da Masana Suka Ce

Manoma da masana sun tattauna kan ciwon zangarniyar alkama, cutar da naman gwarin Fusarium ke haddasawa, kuma tattaunawar ta fi zafi kan lokacin feshin magani. Naman gwarin Fusarium yana kama alkama ne daidai lokacin da take fure, musamman in aka samu ɗumi da laima kwanaki a jere. Saboda haka masana suka nace a yi feshi da zarar fure ya fara bayyana, da magunguna irin su prothioconazole ko metconazole. Wanda ya jira sai zangarniya ta yi fari, ta fito da ɗan ja-ja, ya makara. Sun kuma ja kunne kan magungunan rukunin strobilurin, domin suna iya ƙara DON, wato gubar da naman gwarin ke samarwa, a cikin ƙwaya.

Kusan kowa ya yarda cewa shuka alkama bayan masara ganganci ne, tunda cutar a karan masara take kwana. Sai a sauya amfanin gona, a binne karan, a nemi iri mai juriya, ko da yake babu irin da ya tsira gaba ɗaya.

Wajen girbi, a ƙara iskar injin don ta kwashe ƙwayoyin da suka motse, sannan a busar da hatsi sosai kafin ajiya.

Abin da ya fi ɗaga min hankali shi ne gubar ba ta mutuwa da gashi ko dafuwa, kuma ƙwaya mai kyan gani na iya ɗauke da ita. A Amurka, hukumar kula da abinci da magunguna (FDA) ta ba da shawarar kada ta wuce kashi 1 cikin miliyan a kayan alkama da mutane ke ci. Aladu sun fi saurin jigata, su yi ta amai su ƙi abinci, don haka a gwada hatsin kafin a ba dabbobi.