Zan yi wata ɗaya a Gwanzu, wane otal zan sauka?

Ɗan Kwari: Salam jama'ar zaure. Insha Allahu ƙarshen watan Maris zan tafi Gwanzu ta ƙasar Caina sarin yadi da kayan yara, zan yi kamar wata ɗaya don sai an gama min ɗinki a masana'anta. Karo na farko ne, don Allah wace unguwa ya kamata in kama otal, kuma in biya na watan gaba ɗaya tun daga nan ko in bari sai na je?

Alhajin Wambai: Wa alaikumus salam. Kar ka biya wata tun daga Kano ɗan uwa, ka kama kwana 2 ko 3 ta Trip.com, shafin kama otal a intanet, in ka isa ka ga ɗakin da idonka sannan ka zauna da manaja ku yi ciniki, mai zama wata ba kuɗinsa ɗaya da mai kwana ɗaya ba. Unguwa kuma Xiaobei, mu Shawbe muke cewa, nan mutanenmu suka fi yawa, ga gidajen abincin halal ga jirgin ƙasa layi na 5 a bakin ƙofa.

Maman Ilham: Alhaji gaskiya ne amma ni Shawbe hayaniyarta ta min yawa, dare ma ba a barci. Abin da zan ce masa shi ne ya tambayi taga. Akwai ɗakuna masu araha da ba su da taga kwata-kwata, a hoto ba za ka gane ba don labule suke rataya wa a jikin bango. Na taɓa kwana tara a irinsa, lokacin kuma irin wannan ne na Maris da garin ke tsatstsafo, bango na gumi, hijabina da na wanke kwana uku bai bushe ba sai warin danshi, har takalmin da ke cikin akwati ya yi furfura. Wallahi tun daga nan ko nawa ne ƙarin ina biya a ba ni mai taga, kuma ina tambaya ko akwai injin wanki da na busarwa.

Ɗan Kwari: Hajiya na gode, wannan ban taɓa kawo shi a raina ba. To batun rajistar ƴan sanda da nake ji fa?

Alhajin Wambai: Yauwa, wannan shi ne babba. Dokar Caina duk baƙo sai an masa rajistar inda ya sauka cikin awa 24. In otal ne su za su karɓi fasfo su yi maka da kansu, in kuma gidan haya ka kama ko wajen aboki to kai za ka je caji ofis da kanka. Ka nemi su ba ka takardar ka ajiye cikin fasfo, ranar da ka je neman ƙarin kwanakin biza ita za a fara tambaya. Kuma kafin ka biya ka tura musu saƙo ka tambaya ko suna karɓar ƴan ƙasar waje, ni an taɓa mayar da ni ƙarfe ɗayan dare da jakunkuna biyu wai ba su iya shigar da fasfo a kwamfutarsu ba.

Sarkin Waya: Ku duba kwanan watan fa. In ya shiga ƙarshen Maris, watansa zai faɗa cikin Canton Fair, babban baje kolin kasuwancin Gwanzu da ake buɗewa 15 ga Afrilu, otal har ninki biyu yake yi ko fiye. Ka sa a rubuta maka farashin har ranar fitarka, kar a zo tsakiya a ce an ƙara.

Maman Ilham: Haka ne. Sannan kuɗin ajiya da suke karɓa a kanta, ka riƙe rasit ɗinsa da kyau.

Malam Mai Tayil: Ni shawarata ka bi kasuwarka. Yadi yana kasuwar Zhongda ne can unguwar Haizhu, ƙetaren kogi, kayan sawa kuma wajen tashar jirgin ƙasa da Sanyuanli, to in kullum sai ka ci awa guda a hanya ribar arahar ta tafi. Ni Foshan, garin da ke maƙwabtaka da Gwanzu, nake sarin tayil shi ya sa na daina kwana Gwanzu, sai Juma'a nake shigowa masallacin Xianxian, wanda ake cewa kabarin Sa'ad bin Abi Waƙƙas na nan, kusa da Yuexiu Park a layi na 2. Cika yake sosai, ka je da wuri ka riƙe dardumarka.

Ɗan Kwari: Allah ya saka. Girki fa? Ina da olsa, abincin waje na wata guda zai wahalar da ni.

Maman Ilham: To ƙanina ka nemi irin otal ɗin nan mai kicin a ciki, akwai su da yawa, da firij da ɗan murhun lantarki. Ka tafi da garin kunu, kuka da yajinka, shinkafa da kayan miya duk akwai a can, nama kuma ka saya wajen Musulmin Shawbe. Ruwan famfo kar ka sha sai ka tafasa, akwai buta a kowane ɗaki, ka dai wanke ta sosai tukuna.

Sarkin Waya: Ka saka manhajojin Alipay ta biyan kuɗi da WeChat ta saƙo da biyan kuɗi tun kana gida, WhatsApp ba ya aiki da wifi ɗin otal. Ka kuma ce musu ɗakin da ba a shan sigari kake so, ka shaƙa da kanka kafin ka ajiye jaka.

Ɗan Kwari: Na rubuta duka. Alhaji zan kira ka bayan isha'i in ka samu lokaci, ka faɗa min inda kake sauka.

Alhajin Wambai: Ba damuwa, ina nan.