Urbex da Hausa: yawon kango ko yawon kufai?

Jama'a masu Hausa a baki ku zo mu yanke wannan magana ta sunan da za mu ba urbex da Hausa, tunda mutane sun kawo shawarwari iri-iri. Akwai abin da Turawa ke kira urbex, taƙaitawar urban exploration, wato mutum ya ɗauki kyamara da tocila ya shiga asibiti ko makaranta ko gidan yari da aka rufe aka watsar shekara da shekaru, ya ɗauko hotunan yadda wurin ya koma. Ƙa'idar masu yin sa ita ce ba ka ɗaukar komai sai hoto, ba ka ɓalle ƙofa, ba ka rubutu a bango.

Wanda bai taɓa gani ba ya nemi hotunan tsohon asibitin Beelitz, kusa da Berlin a Jamus. An fara gina shi a 1898 saboda masu tarin fuka, gine-gine kusan 60, a nan aka yi jinyar Hitler a 1916 da ya ji rauni a ƙafa, bayan 1945 kuma sojojin Sobiyat suka mai da shi asibitinsu har 1994 da suka kwashe nasu ya nasu. Sai ka ga doguwar baranda inda da ake jera marasa lafiya su sha iska, fenti duk ya ɓare yana zuba ƙasa, tagogi babu gilas, akwai ma ginin da bishiyoyi suka tsiro a kan rufinsa suka zama kurmi guda.

Shawarwarin da suka shigo: yawon buɗe ido, wannan ya yi faɗi da yawa, har mai zuwa Yankari ya shiga ciki. Binciken birni kuma fassarar kalma da kalma ce, wanda ya ji zai ɗauka aikin ma'aikatan ƙidaya ne.

Mafi yawanku kun ce yawon kango. Malam mai goyon bayan wannan suna, na ga hujjarka, gaskiya kango gini ne da babu kowa, amma ka duba yadda muke amfani da shi yau. In aka ce kango a unguwa, ginin da mai shi ya kai linta kuɗi suka ƙare ake nufi, ko inda 'yan shaye-shaye ke fakewa da daddare, kuma babu uban da zai ji an ce ɗansa ɗan yawon kango ne ya yi barci. Sannan kango yana iya zama ba a taɓa kwana a cikinsa ba, su kuwa waɗannan mutanen sawun waɗanda suka zauna suke bi, gadon ƙarfe da ya yi tsatsa, fayil ɗin majinyata a watse a ƙasa.

Shi ya sa ni na tsaya a kan kufai, wurin da mutane suka rayu suka tashi suka bari. Pripyat a Yukren ai kufai ne sak, an kwashe mutum kusan dubu 50 ranar 27 ga Afrilu 1986 bayan fashewar tashar wutar lantarki ta nukiliya ta Chernobyl da ke kusa da garin, kuma a ɗakin ƙarƙashin asibitin garin mai lamba 126 aka zubar da kayan 'yan kwana-kwanan da suka fara tunkarar wutar, kayan da suka kwashi gubar nukiliya har ya zama haɗari ne a kusance su.

Wata Hajiya ta ce kufai na gari ne ba na gini ɗaya ba. Haka asalinsa yake, amma ai muna cewa gidan wane ya zama kufai in an watse an bar shi, to asibiti ma zai ɗauka.

Saboda haka: yawon kufai, mai yi ɗan yawon kufai, jam'i 'yan yawon kufai, hotunan kuma hotunan kufai. Inda hukuma ta buɗe da kanta, kamar tsohon asibitin baƙin haure na tsibirin Ellis a Amurka da ake zagayawa da mutane da hular kwano tun 2014, wannan sai mu ce ziyarar kufai, don a bambanta shi da na masu shiga ba izini, wanda a ƙasashe da yawa laifi ne kuma ga ruɓaɓɓen bene ga ƙurar asbestos mai lalata huhu.