Muhawara: zaftare kuɗin nakasassu a Birtaniya

Malam Sabi'u: Jama'a, shirun nan ya yi yawa. Gwamnatin Labour ta Keir Starmer ta zaftare kuɗin nakasassu, ba wanda ya ce uffan. Daga Afrilun 2026, wanda ya shiga Universal Credit (tallafin da gwamnati ke ba marasa aiki da masu ƙaramin ƙarfi) sabo, lalura ta hana shi aiki, ƙarin da ake ba shi zai sauko daga fam 423 a wata zuwa fam 217. Gidan da ke da majinyaci ya fi ko'ina shan wuta da gas: injin wanki kullum yana juyi, hita ba ta hutawa, ga kuɗin tasi zuwa asibiti. Daga ina iyali za su cike wannan giɓin?

Hajiya Rabi: Malam, kafin mu kai ga kuɗi, a gyara harshe. An daina cewa nakasassu. Masu buƙata ta musamman ake cewa. Wanda ka kira nakasasshe ka riga ka yanke masa hukunci cewa ba shi da amfani.

Injiniya Bashir: Hajiya, Allah ya ƙara girma, amma mai jego ma tana da buƙata ta musamman. Kalmar ba ta nuna komai. A gida akwai Sarkin Makafi, akwai ƙungiyar guragu, su da kansu suke kiran sunan.

Hajiya Rabi: Su kira kansu daban, kai mai ƙafa biyu ka kira su daban.

Maman Ummi: Yaya Bashir na da gaskiya ta fuska ɗaya, lulluɓe magana yana jawo asara. Fom ɗin PIP, wato wani tallafi daban da ake ba masu nakasa ko doguwar jinya, maki ake ba shi a kan ayyuka 10 na yau da kullum, irin su girki, cin abinci, wanka, shiga bayi, sa tufafi. Maki 8 ke kawo fam 73.90 a mako, maki 12 fam 110.40, a lissafin 2025. To mutanenmu, mai tantancewa ya ce yaya jiki, sai a ce alhamdu lillahi da sauƙi, a rubuta sifiri. Dattijo ba zai iya cewa ɗansa ke yi masa tsarki ba, kunya ta hana. Alhali ƙa'ida ita ce: in ba ka iya aikin cikin aminci, ko ka kasa maimaita shi, ko yana cin fiye da ninki biyu na lokacin mai lafiya, a fiye da rabin kwanaki, to ba ka iyawa ke nan. A rubuta haka ɓaro-ɓaro, a haɗa da takardar likita.

Hajiya Rabi: Fom daban, sunan da za a kira mutum daban. Ƙanwata, kada ki cakuɗa.

Aminu Manchesta: Ni kalmar ba ta dame ni ba, ƙarya ce ta dame ni. Ba a taɓa PIP ba. An so a sa sharaɗin sai mutum ya ci maki 4 a aiki ɗaya kafin ya samu PIP, 'yan majalisar Labour sama da 120 suka yi bore, aka cire sashen ranar 1 ga Yulin 2025, sai minista Stephen Timms ya gama bitar tsarin PIP. Tsofaffin masu karɓar ƙarin Universal Credit ma ba a rage musu ba. Ina kuke shekara 14 da 'yan Conservative suka yi suna tsuke bakin aljihu?

Malam Sabi'u: Aminu, waye ya ambaci PIP? Ka karanta abin da na rubuta kafin ka ɗaga tutar jam'iyya. Kuma wa kake kira maƙaryaci?

Maman Ummi: Jinkirtawa aka yi, Aminu. Ka duba abin da sharaɗin zai yi. Mai buƙatar taimako wajen wanke ƙasan jiki maki 2, sa wando maki 2, yanka masa abinci maki 2, sa ido a bayi maki 2. Ya haɗa 8, amma ba 4 a ko'ina, sai ya faɗi. In ya faɗi, matarsa da ke kula da shi awa 35 a mako ita ma ta rasa Carer's Allowance, kuɗin mai kula da majinyaci, fam 83.30 a lissafin 2025, domin a jikin PIP ɗinsa yake rataye. Fam 157 a mako sun bar gida ɗaya.

Injiniya Bashir: Ita kanta dokar Najeriya da Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, wadda ta ware kashi 5 cikin 100 na ayyukan gwamnati, a kan nakasa take magana. Ko ita ma a sake mata suna?

Hajiya Rabi: Dokar da wa'adinta na shekara biyar na gyara gine-gine ya wuce, har yau keken guragu bai hawa yawancin ofisoshi? Ita za ka kafa mini hujja da ita?

Injiniya Bashir: Ga shi kin ce guragu da bakinki, Hajiya.

Hajiya Rabi: Sunan keke na faɗa.

Nura ɗalibi: Iyaye, a yi haƙuri. Rabin 'yan zauren nan bizarsu ta hana su taɓa kuɗin gwamnati, PIP ko Universal Credit. Me ya shafe mu?

Malam Sabi'u: Ɗana, sai abu ya taɓa aljihunka zai shafe ka?

Alhaji Mudi, shugaban zaure: To, za mu rufe. Abin da aka cimma shi ne Hajiya Rabi ta yi gaskiya, daga yau masu buƙata ta musamman za a riƙa rubutawa a nan. Aminu ya tabbatar mana gwamnati ta saurari koke ta janye. Wanda aka hana PIP yana da wata ɗaya ya nemi a sake duba hukuncin, in an ƙi ya ɗaukaka ƙara, ya tuntuɓi Maman Ummi. Injiniya kuma ya riƙa ganin girman manya.

Malam Sabi'u: Ranka ya daɗe, ba a janye ragin fam 206 ɗin ba. Har yanzu ba wanda ya amsa mini.