Wace igiya zan ɗora wa sandar salmon mai ƙafa 14?

Ɗan Yawuri: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Wani Bature abokin aikina da ya yi ritaya ya ba ni kyautar sandar kamun kifin salmon, irin mai hannu biyu ɗin nan, ƙafa 14, an rubuta 9/10 a jikinta. Har da kwarkwaron naɗi, amma babu igiya. Na shiga shago a nan Abadin ta ƙasar Sikotilan na ga kwalayen igiya jere, wannan Scandi, wancan Skagit, wani Spey, sai na fito hannu rabbana. Kogin Dee nake son zuwa in an buɗe kamun kifi ranar 1 ga Fabrairu. Ni dai fatsar da na sani a gida dalma ce ke kai ƙugiya nesa. A taimaka.

Baban Ummi: Wa'alaikumussalam ƙanena. To, a wannan fatsar babu dalma, babu koto. Ƙugiyar da aka ɗaura wa gashi ba ta da wani nauyi, igiyar ce ke ɗauke da nauyin, ita ke lanƙwasa sanda har ta harba. Saboda haka kafin ka kula da sunan kamfani, duba giram nawa ne kan igiyar, wato sashen gaba mai kauri. Wannan 9/10, lambar nauyin igiyar da ta dace da sandar, kar ka dogara da ita sosai, kowane kamfani da yadda yake lissafa tasa. Ga sanda irin taka, kan Scandi mai giram 36 zuwa 40 zai zauna daidai. Tsawonsa kamar mita 11 zuwa 12. In ya yi sauƙi da yawa za ka yi ta wahalar da kafaɗarka igiya na zubewa a gabanka.

Injiniya: Yaya, da izininka, ni ban yarda da Scandi a watan Fabrairu ba. Ruwan Dee a lokacin sanyi ƙarara ne, kifin yana kwance can ƙasa, ba zai taso ya bi ƙugiya ba. Dole a kai masa har gaban hanci. Skagit aka yi don wannan aikin. Masuntan Kogin Skagit a jihar Washinton ta Amurka ne suka fito da ita, gajera ce mai kauri, mita 7 ko 8, tana iya ɗaga ƙugiya mai nauyi da bakin igiya mai nutsewa ba tare da gardama ba. Ka sa mata baki mai nutsewa T-11 ko T-14 ƙafa 10 zuwa 12. Lambar nan nauyin kowace ƙafa ce a ma'aunin giren, kuma giren 15 da 'yan kai ne giram ɗaya. Kamfanonin Rio da Airflo duk suna yi.

Baban Ummi: Gaskiyarka kan sanyi, Injiniya. Amma yaron nan sau nawa zai je a Fabrairu? Kwana biyu ko uku, in aljihu ya yarda. Sauran shekarar fa? In ruwa ya ja baya a Yuni ya yi garau, Skagit faɗuwa take tim kamar an jefa taɓarya, kifin da ke wurin duk ya watse. Shi ya sa na ce Scandi, amma irin wadda ake sauya mata baki: ɗaya mai zama a saman ruwa, ɗaya mai nutsewa a hankali, biyu masu nutsewa da sauri. Kwali ɗaya, ya yi maka daga bazara har kaka. Tawa Rio ce, shekara huɗu ke nan.

Tsofaffin masunta a nan suna da ƙa'ida: in ɗumin ruwa ya haura digiri 9 a ma'aunin Salsiyas, kuma iska ta fi ruwan ɗumi, sai a koma igiyar sama da ƙaramar ƙugiya. Kuma a Dee ɗin nan ne ma, a wani wuri da ake kira Cairnton, wani masunci mai suna Arthur Wood ya shahara da wannan salon tun zamanin da igiyar siliki ce, ana shafa mata maiƙo don kada ta nutse.

Maman Hanif: Ku yi haƙuri in sa baki, ni 'yar rakiya ce, maigida ke kamun. Abin da na gani da idona: ya sayi mai tsada ta intanet bai gwada ba, ta yi wa sandarsa nauyi, yanzu tana cikin durowa. Daga baya ya biya mai koyarwa awa biyu, mutumin ya zo da jaka cike da kawunan igiya, suka yi ta gwadawa a bakin ruwa har aka dace. Kuɗin darasin bai kai na igiyar da aka yi asara ba.

Kawu Na Perth: Maman Hanif ta fi ku duka. Ni kuwa tsohon yayi ne, doguwar igiyar Spey nake riƙe da ita, mai kai ƙafa 65. Ba ruwana da jawo igiya da hannu bayan kowace jifa, yatsu na daskarewa. A faɗin Kogin Tay ta fi daɗi. Sai dai ba zan ba ɗan koyo ita ba, sai ya tsani sana'ar tun ranar farko. Ɗana, abin da ba su gaya maka ba shi ne siririyar igiyar da ke bayan kan. Akwai ta tsurar roba mai santsi, tana zuwa nesa amma tana kuɓucewa a hannu mai sanyi, tana kuma cukurkuɗewa. Ɗauki mai rufi, ta fi kamuwa. Sannan a ƙasan kwarkwaro ka naɗa zaren ajiya aƙalla mita 150 mai ƙarfin fam 30. A Tay aka kama salmon mai nauyin fam 64 a 1922, mace ce ma ta kama, Georgina Ballantine, har yau ba a kama wanda ya fi shi da fatsa ba a Birtaniya. Ba na ce za ka gamu da irinsa ba, amma ko mai fam 15 in ya juya ya bi ruwa za ka gode wa zaren.

Injiniya: Kawu, kilo 29 fa ke nan! Ko a Argungu ba za a raina shi ba.

Ɗan Yawuri: Allah ya saka da alheri. Na fahimta: Scandi mai sauya baki, kusan giram 38, amma sai na gwada tukuna. Tambaya ta ƙarshe, akwai lasisin da zan yanka? Kuma in na kama zan iya kawo wa uwargida ta yi mana farfesu?

Baban Ummi: A Dee ba a yankar lasisin gwamnati kamar yadda ake yi a Ingila, amma dole ka sami rubutaccen izini daga masu wurin, kana biya kwana-kwana. Ranar Lahadi doka ta hana kamun salmon a Sikotilan, kar ka ɓata man motarka. Farfesu kuwa ka cire rai. A Dee duk wanda aka kama mayar da shi ake yi, kuma a ƙasar baki ɗaya haramun ne a kashe salmon kafin 1 ga Afrilu.

Ɗan Yawuri: Ikon Allah. In Baba ya ji na biya kuɗi na tsaya cikin ruwan ƙanƙara na kama kifi na sake shi, cewa zai yi a dawo da ni gida a yi mini rubutu.

Injiniya: Turo mini adireshinka ta bayan fage. Ina da kan Skagit da ba na amfani da shi, ka riƙe na Fabrairun, ka dawo mini da shi in ruwa ya yi ɗumi.