Dan Allah jama'a, me za mu kira wannan furen da Hausa?

Salam ƴan uwa. Kwana biyu ina fama da wata kalma, ina rubuta darasin tsirrai ma yara sai na ci karo da wani fure da turawa ke kira ghost orchid, sunansa na kimiyya Dendrophylax lindenii. Ba shi da ganye ko ɗaya wallahi, saiwa ce kawai kore-kore shimfiɗe a jikin ɓawon bishiya kamar an zana, kuma saiwar nan ita ke karɓar hasken rana ta haɗa masa abinci, aikin da ganye ke yi a sauran tsirrai. A Kyuba ake samunsa da dazukan fadama na kudancin Florida a Amurka, irin su Fakahatchee da Big Cypress. Wani ɗan Beljiyam, Jean Jules Linden, shi ya ci karo da shi a Kyuba a 1844, shi yasa sunansa ke manne a ƙarshe.

Sunan dangin bai ba ni wahala ba, okid kawai, yadda muka karɓi tumatir da karas ba wanda ya ce sai an fassara. Ai vanila ɗin da ake sa wa kek ma daga okid take fitowa. Wannan guda ɗayan ne ya tsaya min a wuya.

Da na yi tambayar, wani malami cikin masu ba da amsa ya ce a kira shi kaucin Amurka tunda a kan bishiya yake rayuwa. Allah gafarta malam, a nan kam ban bi ka ba. Kauci huda reshe yake ya tsotse ruwan bishiya, duk mai gona ya san yadda yake galabaita kaɗanya da ɗorawa, shi kuwa wannan riƙo kawai yake, bai shan komai daga jikinta, ruwan sama da laima ke raya shi. In muka ce kauci mun koya wa yaro kuskure tun daga sunan, daga baya sai ka sha wahalar cire masa.

Wata Hajiya kuma ta ce furen fatalwa, a fassara kai tsaye a huta. Na gane dalilin, domin furen fari ne tas, saiwar kuma ta saje da ɓawo, to a duhun dajin sai ka ga kamar yana shawagi a iska ba abin da ya riƙe shi. Amma Hajiya mu fa a wajenmu fatalwa ba abin sha'awa bace, yaro na jin kalmar tsoro zai fara ji ko ya ɗauka wani itacen iskokai ne, alhali abin tausayi ne shi. Ƙwayar irinsa kamar ƙura take, ba ta tsira sai ta dace da wani fangas, wato dangin su laimar kwaɗi, da zai ciyar da ita, ga masu sacewa daga daji suna kaiwa gida kuma galibi mutuwa yake in an ciro shi.

Ni dai ga inda na tsaya. Bahaushe da dabba yake yawan raɗa wa tsiro suna, nonon kurciya, ƙaimin ƙadangare, laimar kwaɗi, duk kama ido ya gani aka faɗa. Ku duba hoton furen nan da kyau, leɓensa na ƙasa ya rabu biyu ya zuba dogo a murɗe sak ƙafafun kwaɗo ya yi tsalle, su ma can akwai masu kiransa da sunan farin kwaɗo. To okid farin kwaɗo kenan.

Eh na ga wanda ya ce za a zaci kwaɗon zogale ne ko na kulle ƙofa, gaskiya ne kalmar tana da fuska uku, amma da okid a gaba ba mai ruɗewa.

Sauran marasa ganyen kuma, don ba shi kaɗai bane akwai dangin Microcoelia a dazukan Afirka, a tara su a ce okid mara ganye. Haka zan saka a darasin gobe in Allah ya kai mu, sai dai in wani dattijo cikin masu sanin itatuwa ya kawo wanda ya fi shi zama a baki kafin dare.